Jini a Kan Asuwaki

Ƙannena na Bagudo da Ka'oje, da na Illo, Lolo da Tsamiya, har da ku na tsallake a Madekali da Segbana, kowannenku ya taɓa ganin wannan. Mutum ya tashi da asuba, ya tauna asuwakinsa na dogon yaro ko marke, ya goga, ya tofar, sai ga ja-ja a yawun. Ya dubi kan itacen ya ce tauri ne ya yi masa yawa, ko ya ce zafi ne ya taru masa a jiki, ya kurkure baki ya wuce masallaci. Gobe haka, jibi haka, har shekara ta zagayo. Da jinin nan daga ido ya fito ko daga kunne, da ranar ba ta faɗi ba sai an nemi magani. Amma tun da daga dasashi ne, an mayar da shi kamar gumi.

Dasashi mai lafiya ba ya zubar da jini don an goge shi. Kowace rana wani farin datti mai yauƙi yana taruwa a inda haƙori ya haɗu da dasashi, in ka kankara da farce za ka gan shi. Ba ragowar tuwo ba ne kawai, gungun ƙwayoyin cuta ne suka yi gida a wurin. Jiki yana ƙoƙarin korar su, sai dasashi ya kumbura, ya yi ja, ya yi taushin da ɗan taɓi kaɗan ke fasa shi. A 1965, a ƙasar Danmak, wani likitan haƙori mai suna Harald Löe ya sa wasu matasa masu lafiyayyen baki su daina goge haƙora gaba ɗaya. Tsakanin kwana 10 zuwa 21 dasashin kowannensu ya kumbura. Da suka koma gogewa, cikin kamar mako guda komai ya lafa. Ke nan a wannan mataki maganin yana hannunku, kuma kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ga jini ya daina taɓa wurin. Wurin da ke zubar da jinin shi ya fi bukatar a goge shi, a hankali, safe da dare, har tsakanin haƙora.

In an bar dattin, sinadaran cikin yawu kan daskarar da shi ya zama ɓawo mai tauri, rawaya ko baƙi, wanda asuwaki da buroshi ba sa iya ɓamɓarewa. Daga nan kumburin ya nutsa ƙasa. Dasashi ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu, mugunya ta taru, baki ya fara wari ko an ci kanumfari, ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwar haƙori ya soma zaizayewa. Kun san yadda Kwara ke cin gaɓa in ruwa ya cika: itace yana tsaye da ganyensa shar, alhali ƙasar da ke riƙe da saiwarsa ta tafi, wata rana iska kaɗan ta kwantar da shi. Haka haƙori ke faɗuwa ba tare da ko ɗigon rami a jikinsa ba. Ƙashin da ya tafi kuwa ba ya dawowa da kansa. Shi ya sa giɓin da kuke gani a bakin dattawanmu ba tsufa ne ya kawo shi ba, ciwo ne da ya soma tun suna shekarunku. Hukumar Lafiya ta Duniya, a rahotonta na 2022, ta ƙiyasta cewa kusan kashi 19 cikin 100 na manyan mutanen duniya, wato sama da mutum biliyan 1, suna ɗauke da mai tsananin wannan ciwo. Mai ciwon suga ya fi saurin kamuwa, kuma ruɓaɓɓen dasashi yana hana suga daidaita. Mace mai ciki ma dasashinta ya fi saurin kumburi.

Maganinsa a wannan mataki shi ne wankin haƙori a asibiti, a kankare ɓawon har ƙarƙashin dasashi. Na sha jin ana cewa wankin nan yana buɗe tsakanin haƙora, yana sa su girgiɗi. Ramin yana nan tun da, ɓawo ne ya cike shi, cire ɓawon ne ya nuna ɓarnar da aka riga aka yi. Flagyl da kafso da ake saya a kemis suna kwantar da kumburi na 'yan kwanaki, amma ba sa cire ɓawo ko ƙwaya ɗaya, don haka ciwon yakan dawo, sai a ƙara saye, sai ƙwayoyin cutar su saba da maganin.

To mene ne haɗin wannan da ciwon daji? Masu bincike sun daɗe suna lura cewa cikin masu kansar baki, masu lalataccen dasashi sun fi yawa. A 2007 wata likita mai suna Mine Tezal da abokan aikinta a birnin Buffalo na Amurka suka auna ƙashin muƙamuƙin wasu maza ta hoton haƙori, suka ga cewa duk milimita ɗaya na ƙashin da ya zaizaye yana tafiya da ƙarin haɗarin kansar harshe kusan ninki biyar. Mutanen da suka duba ba su da yawa, amma wasu bincike da suka biyo baya a ƙasashe dabam-dabam sun nuna wannan fuska, ko da yake da ƙaramin ninki. A 2024 masana a Jami'ar New York, bayan sun bi sawun mutum kusan 160,000 na tsawon shekaru, sun gano cewa wasu nau'o'in ƙwayoyin cutar baki, ciki har da masu ruɓar da dasashi, sun fi yawa a yawun waɗanda daga baya suka kamu da kansar baki da maƙogwaro. Dalilin da ake hange a bayyane yake. Fatar cikin baki da ta shekara goma tana kumbure tana mutuwa tana sabuntawa ba hutu, kuma kowace sabuntawa dama ce ta kuskure. Wasu ƙwayoyin, irin su Porphyromonas gingivalis, suna iya shiga cikin fatar su rikita yadda take kare kanta. Wasu kuma suna juya barasa ta zama wani sinadari mai suna asitaldihaid, wanda aka tabbatar yana jawo kansa.

Sai dai ganin abu biyu tare ba ya nufin ɗaya ne ya haifi ɗayan. Mai shan taba shi ne ya fi lalacewar dasashi, shi ne kuma ya fi kamuwa da kansar baki, saboda haka raba laifin taba da na dasashi aiki ne mai wuya, kuma masana ba su gama shi ba. Mafi yawan masu ciwon dasashi za su tsufa su mutu ba su ga kansa ba. Kada wani ya ga jini a asuwaki yau ya hana kansa barci.

Ni a ganina haɗarin da ya fi kusa da mu ba ya cikin ɗakin bincike. Bakin da kullum yake ciwo yana koya wa mai shi ƙyaliya. Wanda ya saba da jini, da wari, da haƙori mai motsi, da ƙurji yau nan gobe can, ranar da wani sabon miki ya fito a gefen harshensa ba zai ga wani abin mamaki ba. Zai ce irin na kullum ne. Kansar da ke fitowa a kan dasashi ma kamanninta ɗaya da ciwon dasashi a farkonta: kumburi, jini, haƙori na girgiɗi. Sai a je kasuwa wurin mai cire haƙori, ya fizge shi, ramin ya ƙi warkewa, wani nama ya tsiro a ciki, a koma a cire na kusa da shi. Kafin a kai ga wanda zai gane, wata shida ko shekara ta wuce, wuya ya kumbura. Mai tsabtataccen baki kuwa, baƙon abu yana fitowa zai gan shi, don babu abin da zai ɓoye a bayansa.

Babban mai laifi dai taba ce, kuma tana da wayo. Nikotin yana matse ƙananan hanyoyin jini, don haka dasashin mai shan sigari ba ya yawan zubar da jini ko da ya fi na kowa lalacewa. Tun 2021 kwalayen sigari a Najeriya suke ɗauke da hotunan gargaɗi, har da na bakin da kansa ta cinye, kuma dokar taba ta 2015 ta hana sayar da ita kara-kara, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. Amma ku faɗa mini, a tashar Lolo ko wurin mai shayi a Tsamiya, matashi nawa ne ke sayen kwali? Kara ɗaya ake saya, kwalin da hoton yana hannun mai tireda. Ku 'yan kabu-kabu masu kai kaya iyaka cikin dare, na san abin da ake cewa, wai sigari na korar barci da sanyi. Ga shisha da ta shigo a matsayin gayu, hayaƙinta bai zama mai lafiya ba don ya ratsa ruwa ya fito da ƙamshin tuffa. Ga tramol da ke busar da baki, alhali yawu shi ne ke wanke haƙora tsakanin cin abinci da cin abinci.

Sannan akwai tabar da ba a kunna mata wuta, wadda da yawa ba sa lissafa ta a taba. Ina nufin taba gari da ake haɗawa da kanwa a cusa tsakanin leɓen ƙasa da dasashi, ko a ajiye a kunci. Kanwar ba don ɗanɗano kaɗai ake sa ta ba, tana sa nikotin ya ratsa fatar baki da sauri. A Sudan suna da irinta sak, suna kiranta tumbak, garin taba ne da kanwa. Da aka auna ta a shekarun 1990, an sami sinadaran da ke jawo kansa a cikinta da yawan da ya zarce na kusan duk wata tabar baki da aka taɓa aunawa, kuma likitocin Khartum sun lura cewa kansar takan fito daidai inda mutum ya saba ajiye tabar. In kakanka ko gwaggonka na da wannan ɗabi'a, ka roƙe su cikin ladabi su bar ka ka leƙa wurin. Fatar da ta yi fari ta yamutse a nan, ba a bari.

Goro dabam ne. Ƙwallon da mutanen Indiya da Pakistan ke taunawa da ganye da farar ƙasa, wanda ya sa kansar baki ta zama cikin manyan masu kashe mazajensu, ba goronmu ba ne. Namu yana rina haƙora da harshe, don haka a kurkure sosai kafin a duba baki. Barasa kuwa ba zan yi kamar ban san ana sha ba. Wanda ke jin kunyar idon gida yakan tsallaka iyaka, can akwai cukutu da sodabi, ga kuma 'yar leda da ke shiga aljihu. Abin da ya kamata mai yin haka ya sani shi ne taba da barasa in sun haɗu a baki ɗaya, haɗarinsu ba tarawa ake yi ba, ninkawa ake yi, domin barasa tana sassauta fatar baki ta buɗe wa gubar taba hanya.

Akwai kuma ƙwayar cutar HPV, wadda aka fi saninta da jawo kansar bakin mahaifa, amma tana jawo ta can ƙuryar harshe da maƙogwaro. A Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta, Kebbi na cikin jihohin farko, kuma Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu na cikin waɗanda suka daɗe suna fafutukar hakan. In ƙanwarku ba ta samu ba, ku yi wa iyaye magana.

Baki yana da wata falala da hanta da huhu ba su da ita: ana ganin cikinsa. Madubin babur da fitilar waya sun isa. Sau ɗaya a wata, ka wanke hannu, ka zaro harshe ka duba gefensa na dama da na hagu har can baya, ka ɗaga shi ka duba ƙarƙashinsa, domin nan ne kansa ta fi son fitowa. Ka ja kunci da leɓe, ka dubi ganɗa, ka shafa wuya da ƙarƙashin haɓa ko akwai ƙulli mai tauri. Abin nema shi ne miki mai taurin baki, farin tabo da ba ya goguwa, jan tabo mai santsi, nama da ya tsiro, haƙori ɗaya da ya kama motsi ba dalili, leɓe da ya mutu ba ya jin taɓi, wahalar haɗiya ko buɗe baki, ciwon kunne ɗaya da ba a ga komai a kunnen ba. Ƙurjin baki na yau da kullum yana da zafi ƙwarai amma yakan warke cikin kwana 10 zuwa mako biyu. Kansa kuwa a farkonta sau da yawa ba ta da zafi ko kaɗan, kuma wannan rashin zafin ne ke yaudarar mutane. Duk abin da ya kai mako uku a baki bai warke ba, likita ne zai faɗi sunansa, ba mai kemis ba, ba wanzami ba. Haka nan haƙori mai kaifi da ke yankar harshe a wuri ɗaya kullum, a je a gyara shi, in mikin bai rufe ba bayan an gyara, a koma.

Yanzu ga maganar da ta fi kashe mana mutane: wai daji ba ya son ƙarfe, in allura ko wuƙar likita ta taɓa shi sai ya fusata ya bazu. Na fahimci inda ta samo asali. Mutanenmu ba sa zuwa asibiti sai ciwo ya ci rabin fuska, a yi aiki, bayan wata uku mutum ya rasu, sai a ce ƙarfe ne ya kashe shi. Ba a lissafa shekarar da aka ɓata ana shafe-shafe da turare. Hanya ɗaya tak ake tabbatar da kansa, a yi allurar kashe zafi a yanki ɗan nama kamar ƙwayar shinkafa ko wake, a duba shi a madubin likita. Wannan ɗan yanka ba ya watsa ciwo. In an kama shi yana ƙarami, sau da yawa tiyata kaɗai ta isa, a cire shi da ɗan lafiyayyen nama kewaye da shi, mutum ya ci gaba da magana da cin tuwonsa. In ya girma ko ya sauka wuya, sai an haɗa da cire kaluluwar wuya, da gashi a na'ura na kusan mako shida zuwa bakwai, wani lokaci da ƙarin ruwan maganin kansa, wani lokaci har a yanke sashen muƙamuƙi. A Amurka, inda ake ajiye lissafi da kyau, cikin waɗanda aka gano ciwon bai bar inda ya tsiro ba, sama da 80 cikin 100 suna raye bayan shekara 5. Cikin waɗanda ya riga ya kai sassan jiki na nesa, ba su kai 40 ba. A duniya baki ɗaya, a 2022, kusan mutum 390,000 ne suka kamu da kansar leɓe da baki, kusan 188,000 suka mutu da ita.

A wurin magani ma ciwon dasashi da kansar baki suna sake haɗuwa. Kafin a fara gashi, likitan haƙori yakan duba baki, ya wanke, ya cire haƙoran da ba za su tsira ba, a jira ramin ya warke. Dalili shi ne ƙashin da aka gasa ba ya samun jini kamar da, in aka cire haƙori a cikinsa daga baya, ramin na iya ƙin rufewa har ƙashin ya mutu. Gashi kuma yana rage yawu, wani lokaci har abada. Wanda ya zo da ruɓaɓɓen dasashi, ana ɓata makonni ana gyara shi alhali ciwon na girma, kuma shi ya fi shan wahalar gyambon baki lokacin magani.

Ina za a je? A fara da asibitin da ya fi kusa, a nemi takardar turawa. A Birnin Kebbi akwai Asibitin Sir Yahaya da asibitin gwamnatin tarayya, a Sakkwato kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana da likitocin tiyatar baki da muƙamuƙi da sashen kula da masu kansa. Wasunku Malanbil ko Kandi ko Paraku sun fi muku sauƙi, babu laifi. Amma kada a yi rabin magani nan, rabi can, ana sake gwaji daga farko kowane zuwa. Duk takardar da aka ba ku, ta Turanci ce ko ta Faransanci, musamman sakamakon naman da aka yanka, ku ɗauki hotonta a waya, ku ajiye ta a leda. Ku ne masu karatu, ku ne masu babur, ku za ku raka tsoho. Tafiyar da nisa, kuɗin mota da na kwana ba wasa ba ne, na sani. Sai dai kuɗin zuwa da miki kamar ƙwayar gero bai kai kuɗin zuwa da kumburarren wuya ba.

Ƙa'idar mako uku ta manya ce. Ga ƙananan yara akwai wani ciwo da shi ma daga dasashi yake farawa, wanda mutane kan kira daji ko su jingina shi ga iska, alhali ba kansa ba ne. Shi ne noma, mai zaizayar baki. Yana kama yara masu shekara 2 zuwa 6, galibi waɗanda yunwa ta rama, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Dasashi ya yi gyambo yana jini, baki ya yi mugun wari, yawu na dalala, yaro ya ƙi abinci, kunci ya kumbura, sannan wani baƙin tabo ya fito a waje. Cikin kwanaki kaɗan naman ya ruɓe ya huje. In ba a yi magani ba, har 9 cikin 10 na iya mutuwa, waɗanda suka tsira kuma su tashi da ramin fuska da muƙamuƙin da ba ya buɗuwa. Amma a matakin gyambon dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi cak. Tun 1999 akwai asibiti na musamman domin wannan ciwo a Sakkwato, ƙungiyar likitoci ta MSF tana aiki da shi tun 2014, magani da tiyatar gyaran fuska kyauta ne, kuma yaran Kebbi na cikin waɗanda ake kaiwa. Najeriya ce ta jagoranci neman da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta shigar da noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a Disambar 2023. Ku 'yan mata masu goyon ƙanne da yi musu wanka, ku kuka fi kowa kusa da bakinsu. Ku riƙa ɗaga leɓen yaro kuna dubawa, ku goge masa dasashi da tsumma mai tsabta da ruwan gishiri mai ɗumi. In kun ga gyambo da wari a bakin yaron da ya rame, ko kunci ya fara tashi, a kai shi asibiti a ranar, ko da dare ya yi.